Sauƙin da Nake Tsoro

Ƙarfe ɗayan dare a Garin Malam,
wuta ta dawo, fanka ta yi tari,
na buɗe kwamfutar da Ma'azu ya ara mini.

Manhajar nan ba ta yabo, ba ta faɗa.
Na ci tambaya, sai ta miƙo yayarta.
Na ci yayar, sai uwarsu ta fito
da lissafi mai ƙafa bakwai.
In na faɗi kuwa,
sai ta sassauta murya,
ta kawo abin da ɗan lakwal zai amsa.
Nan ne cikina ke ɗurar ruwa.

Na san wannan hali.
Shekarar da famfunan Damagaram suka yi shiru,
Iya Barira ce ke raba mana kayan ɗiba.
Ta dubi wuyanka, ta ba ka buta.
Ka dawo ba ka zubar ba, gobe bokiti,
jibi jarka.
Ran da na yi tuntuɓe gindin duwatsun Birni
ba ta ce uffan ba.
Da safe buta ta miƙo mini
a gaban ƙannena.
Da duka ta yi, da na huta.

Saura kwana sha tara
jarrabawar shiga digiri na biyu.
Shayi ya huce, ido na yaji.
Tambaya ta ashirin da uku ta fito,
na karanta sau huɗu,
ban gane kanta ba balle gindinta.

Na yi murmushi ni kaɗai.
Jarka ce.
Na gyara gammo.