Casa'in da Huɗu

Asabar ce, gero ya kai gwiwa.
Muka fita ta Ƙofar Sauri, mu tara a motar coci,
kwalin magani a kan cinyata,
Yunana na jan waƙar safiya
da muryar da ba ta gama farkawa ba.

A Tudun Kanya aka ba mu aji mai rabin rufi.
Ni ban iya allura ba.
Nawa in yanka kwali, in rubuta lamba,
in miƙa, in ce a ɗan jira.

Sista Tabita ke duba ido,
ga tabarau jere a faranti kamar soyayyar fara.
Wata tsohuwa ta ɗora nata, ta ƙura wa jikarta ido:
“Au! Ashe hancin ubanki kika kwaso!”
Dariya har gindin bedi.

Da aka kira la'asar maza suka tafi salla,
suka bar lambobinsu a layi,
kowace da tsakuwa a kanta.
Mu muka yi gadi, kada awaki su ci.

A casa'in da uku faranti ya koma wayam.

Na gaba tela ne, Malam Nalado.
Damina biyu ke nan kafar allura na yi masa ɓuya.
Na buɗe baki, Hausa ta gudu ta bar ni.
Shi ya lallashe ni:
“Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, 'yata.
Amma na ji ƙusar benci ta kama miki hannun riga.”

Ji ya yi. Bai gani ba.

Ya zaro allura daga bakin hula,
ni na zura masa zare,
ya ɗinke da lalube, yana tambayar
ko can birni ma ruwa ya yi gyara.

Lahadi fasto ya karanta rahoto:
mutum casa'in da uku sun gani!
Ikilisiya ta ɗau guɗa, har da ganga.
Na tafa, ba zan ce ban tafa ba.

Sai dai yatsana na ta komawa kan ɗinkin nan,
baƙin zare a farar riga,
karkatacce kamar hanyar garinsu.
Mamata ta ce in kawo ta warware, ta yi na kirki.

Na ce a bari tukuna.
Akwai wanda nake wa ajiyar layi.