Baƙin Dutsen Kakana

A Nima, bayan babbar kwata,
kakana Tankari ya ɓoye baƙin dutse a gwangwanin madara.
Daga wani tsibiri, in ji shi, can ƙuryar arewa,
inda jirginsu ya tsaya shan kwal.
Mutum bakwai ke haƙa, da makahon doki,
suna rarrafe a rami kamar gafiya.
Rana ta ƙi faɗuwa,
har ya rasa lokacin magariba.

Muka ce tatsuniya ce.

Ran sadakar bakwai gawayi ya ƙare,
Gwaggo Lantana ta jefa shi a murhu.
Ya daɗe yana gardama,
sannan ya kama, shuɗi,
da warin da ba na garinmu ba.

Duk gidan muka yi tsit.
Tukunyar wake ta tafasa.