Kalmomin Aro

Daren jiya na kwana haddar Turanci,
kalma goma sha biyu a bayan rasit ɗin kanti:
yadda ake cewa inuwa, da zurfi, da kaushi.

Malam Ɗanjuma ya ce in riƙe "a ganina",
wai ita ce sandar makaho a ɗakin zane.

Yau a Gidan Ɗan Hausa, fanka na juyi da ƙyar,
na tsaya gaban zanen Uwani:
tsohuwa tana tankaɗe a wani soro na Yakasai,
rabin fuskarta gari, rabi hasken la'asar.

Baƙuwa mai tabarau ta matso da tambaya.
Na laluba aljihu. Gumi ya cinye rasit,
zurfi ya malale cikin kaushi,
saura farashin sabulu da madara.

Da guntun Turancin da ya rage a bakina
na ce kakar wani ce,
kuma tuwon dare zai makara.

Ta daɗe tana kallon rariyar.
Ni ina neman yadda ake cewa tsaki,
wanda ke saura bayan gari ya wuce.
Har aka kira magariba ban samo ba.