Daga Sifili Zuwa Uku

A bayan ɗakin allura, a asibitin Garwa,
inda fanka ke juyi ba ta kawo iska,
aka ba mu benci biyu da tebur mai gurguwar ƙafa.
Madam Ngono ta zo daga Yawunde da tambaya tara.
Ni tafinta ne, ɗan fito tsakanin baki da kunne,
kamar mai kwalekwale a kogin Binuwai:
ba ni da kaya, sai dakon na mutane.

Ran Talata Ajuji ta shigo,
mai suyar kifi ta gindin gada,
zanenta na ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa.
Madam ta karanto da Faransanci, na juya:
"A mako biyun nan, yaya yawan baƙin cikinki?
Daga sifili zuwa uku, zaɓi guda."
Ta dube ni kamar na tambaye ta farashin iska.
"Lafiya lau," ta ce. "Sai godiya."
Madam ta zana sifili.

Na san wannan lafiya lau.
Da ita uwata ta dawo daga rakiyar gawa biyu
ta hura wuta, ta ɗora tukunya.
Ƙyaure ce, ba amsa ba.

Na kifa takarda. Na ce, "Inna, yaya barci?"
Ta ce, "Ya yi ƙaura tun daminar bara,
daren da ruwa ya shigo mana ba sallama."
"Kasuwa fa?"
"Kifi na ƙonewa ina kallonsa."
Ta dafa ƙirji. "Nan ne. Kamar na haɗiyi taɓarya,
shi ya sa nake kwana tsaye.
An auna jini, an ce ba komai.
An ba ni maganin zazzaɓi, na sha har ya ƙare."

Madam ta ce, "Me take faɗi?"
Na laluba Faransancina ina neman taɓarya,
itace kawai na samu, ba nauyi, ba dare.
Na buɗe baki zan cike gurbin da haƙuri,
irin wanda muke rufe wa juna baki da shi,
Madam ta ɗaga yatsa, ta ajiye biro.
Ta sha gaya mini: shiru ma tambaya ne,
idan ka iya zama a cikinsa.

Muka zauna.
Fanka ta yi kukanta.
Wani yaro ya tsala ihu a ɗakin allura, ya yi shiru.
Babur ya wuce. Wani ya wuce.

Can Ajuji ta ce, tana kallon siminti,
"Ɗan fari ne.
Shekara shida ban kira sunansa ba, don kunya.
Kai, nake cewa. Wannan yaron.
Takalminsa ɗaya muka tsinta a cikin gero.
Yanzu sunan ya tsaya mini a wuya,
ba wanda ya tambaye ni shi."

Na ce, "Yaya sunansa?"

"Nomau."

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishiri.
Na juya zan fassara,
na ga idon Madam ya riga ni.
Ranar na san akwai kayan da ke haye ruwa da kansu.

Ta goge sifilin, ba ta sa uku ba.
Ta bar akwatin fanko,
a gefe ta rubuta taɓarya da haruffan ƙasarsu.

Ajuji na zuwa duk Talata.
Ba ta warke ba, kada in yi ƙarya.
Ta ce dai shekaranjiya asuba ta same ta kwance,
kuma ta kawo mana ragon ruwa biyu a takarda,
ba wanda ya ƙone.

Jiya da na koma gida Unguwar Hausawa
na tarar da uwata tana tsince shinkafa.
Na gaishe ta, ta ce lafiya lau.
Na jawo tabarma kusa.
Na ce, "Inna, yaya barci?"
Hannunta ya tsaya a cikin faifai.