Sammaci a Ƙofar Ɗakina

Magatakarda ya ce, "Ina ne mazauninsa na ƙarshe?"
Na ce, "Ɗakina."
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya rubuta: Aboabo, bayan famfo, gida mai jan ƙyaure.
Da la'asar masinjan kotu ya zo a kan babur
ya liƙa wa mijina sammaci a ƙofata
da kokon da ni na dama.

Shekara bakwai, Yahuza.
Ka ce Obuwasi, ramin zinariya, wata uku kacal.
Ka ɗauki tocila da takalmin roba,
ka bar buta, ka bar bashin mai gawayi,
ka bar ni da ƙaramin ciki.
Cikin nan yau yana aji biyu, sunanta Mansura,
ita ce ke tsaye tana haɗa baƙin sunanka a jikin ƙofa,
tana tambaya ko waye.

Kada ka ce ban nema ba.
Na ci jar ƙasar Dunkwa, na kwana a tashar Tarkwa.
An jawo mini akwati tara a ɗakin gawa,
na duba ƙafafu, don na san yatsanka da ya karkace.
Wani ya rantse ya gan ka a Agadas kan buhuna,
wani ya ce Abijan, da mata, da gemu.
Mai duba ya share yashi, ya ci zakarana biyu,
ya ce kana tafe.
Lambar wayarka kuwa an sayar wa wata mai kitso a Tafo,
ba ta jin Hausa sai Tonanci.
Duk da haka ranar salla nakan kira,
ta ɗauka, mu yi shiru tare.

Ban yi takaba ba, ban yi idda ba.
A gidan biki ba a san inda za a zaunar da ni ba.
Akuya ce ni da igiya a wuya,
ina jan ta cikin kasuwar Asawase,
ɗaya bakin babu turke, babu hannu.

Liman ya buɗe littafi ya ce, "Huɗu ake jira, kin ƙara uku.
Kawo shaidu."
Lauya ya ce, "Sai an buga a jarida."
Sidi na waken wata guda
ya zama layi huɗu a shafin baya,
ƙarƙashin cigiyar takardar fili.
Washegari na ga an naɗe soyayyar doya da shi.

Suna cewa don Bawa direba nake yi.
To, in ma don shi ne?
Ya gyara mini kwanon ɗaki damina biyu,
bai taɓa wuce zaure ba.

Wadda na ji tsoro ita ce Inna Lantana,
da har yau take rufe maka tuwo da faifai.
Na kwana uku ina juya maganar a baki.
Ran na huɗu ta riga ni ɗaura mayafi.
A gaban alƙali ta ce, "Ɗana ne. Ban san inda yake ba.
Yarinyar nan ta gaji."
Ta dangwala yatsa.
Shuɗin tawadar bai fita ba har Juma'a,
ta ƙi sa masa sabulu.

Kafin nan sai da ɗan sanda ya fita baranda
ya kira ka, wai haka doka ta ce.
"Yahuza Inusa!"
Na waiwaya.
"Yahuza Inusa!"
Na san babu, na sake waiwayawa.
A na uku na riƙe wuyana,
Inna ce ta juya.

Mun dawo a mota ɗaya, ruwa na zuba.
Sammacin ya jiƙe ya zame daga ƙofa,
saura kusurwa guda da koko ya riƙe.
Takardata tana cikin leda a ƙirjina, a bushe.
Inna ta ce, "Barira, a hura wuta."
Na auna garin mutum huɗu, kamar kullum,
na tsaya da kwanon a hannu.