Shafin da Aka Naɗe

A Wakwa, kudu da Ngaundare,
amya goma sha bakwai na rataya kan maje da ɗorawa.
Shekara arba'in ina hawa da igiya da hayaƙi,
na ɗauka ƙudan zuma sun gama gaya mini abin da suka sani.

Sai ga autata Dijatu daga jami'a can Dang,
da ƴan kwalabe cikin akwatin ƙanƙara.
Ta ce, Baba, ara mini uwa ɗaya da ma'aikata talatin.
Na ce, aro ko yanka?
Ta yi dariya, ta ɗaure bakin jaka.

Wata uku ba labari.
Ran da ta dawo, damina ta sauka, muna fere rogo.
Ta ce, ƙwai iri ɗaya ne, Baba.
Wadda za ta hau gado
da wadda za ta mutu tana jidar ruwa daga Bina,
rubutu ɗaya ke cikin jikinsu.
Ƙwayoyin gado muke ce masa.
Littafi ne, kowacce an ba ta cikakke,
sai dai ba kowane shafi ake buɗe mata ba.

Tsutsar da aka cika wa ɗaki da farar madara,
shafi yakan buɗe a muƙamuƙinta,
ta dafa wani ƙanshi da hancinka ba ya kamawa.
Masu hidima su lashe shi, su miƙa baki zuwa baki,
kafin la'asar ya zaga saƙa duka:
uwa tana nan, kowa ya kama aikinsa,
kada wata ta yi ƙwai.

Na ce, sauran fa, ba su da murya?
Ta ce, suna da tasu.
Ka tuna warin ayaba ran da suka kumbura maka ido?
Kururuwar yaƙi ce daga gindin ƙari.
Mai kama da lemo kuwa, da suke fifitawa a bakin amya,
kiran ɓatattu ne, ku zo, nan ne gida.
Na taɓa girata. Tabon yana nan.

To in uwa ta mutu?
Ni na tambaya, ban san me ya sa ba.
Wuƙar ta tsaya a hannunta.
Ta ce, ƙanshin yakan dushe, su yi ta kuka,
ka san kukan.
Na san shi. Ya fi na kullum kauri, ba shi da kai.
Ta ce, in ba su sami tsutsar renon wata ba,
shafin da aka naɗe tun suna ƙanana
sai ya fara warwarewa a jikin wasu.
Mai shara ta wayi gari tana ƙanshin gado.
Takan yi ƙwai ma, amma duk maza,
masu ci ba sa kawowa.

Muka yi shiru. Ruwa na dukan kwano.
Bara war haka muka binne Tabawa.
Tun ranar yaran suka watse, Garwa, Yawunde, Kuseri,
waya ma sai da salla.
Zanenta yana ƙasan adaka,
ƙanshin daddawa da sandal yana raguwa,
shi ya sa na daina buɗewa.

Dijatu ta kwashe ɓawon rogo a faifai,
ta dubi ƙafata, ta ce,
wannan kaushin, yaushe rabonka da man kaɗe?
Da kalmar, da karkata kan, da ɗan tsakin ƙarshe,
ba ita ta ƙirƙira ba.

Ban ce komai ba. Mu ba ƙudan zuma ba ne,
kuma jirgin ƙasa na jiranta ran Laraba.
Amma da dare na ji ta a zaure da waya,
tana kiran yayyenta ɗaya bayan ɗaya,
tana faɗa, tana saka rana.

Da asuba na hau majen bakin rafi,
na kara kunne a amyar da ta ara wa uwa.
Suna ciki, suna ta aiki.
Wa suke ji, ban sani ba.