Ƙarfen da Ya Yarda a Cinye Shi

Shekara ashirin da shida ina walda a Geoje,
a gindin jiragen da suka fi unguwarmu tsawo.
Abokiyar gabata ɗaya ce: tsatsa.
Na kankare ta, na ƙona ta, na binne ta da fenti,
na zage ta da asuba tun kafin in kurkure baki.

Sai Ye-sol ta dawo daga makaranta tana ɗingishi.
Muka ce targaɗe ne,
yarinyar da ba ta san tafiya ba sai gudu.
Wata biyu muna shafa man zafi a kan sankara.
Wannan ban yafe wa kaina ba tukuna.

A Busan, hawa na tara,
Likita Pyo ta haska hoton ƙashi,
ta ɗora bakin biro sama da gwiwa kaɗan,
inda farin ya rube kamar gara ta sami katako.
Ta ce bayan allurai za su yanke wurin,
rami zai rage,
kuma akwai wani gwaji, in mun yarda mu sa hannu.

Ta ajiye mini abin a tafin hannu.
Toka-toka, duk huji, kamar saƙar zuma,
ba nauyi, sai ka ce ƙashin tsuntsu.
Magniziyam ne, in ji ta, da ɗan tutiya a ciki.
Ba zama zai yi ba.
Jiki zai riƙa lasar sa sannu-sannu,
sabon ƙashi na bin hujin yana gina ɗakinsa.
Muna kuma fatan narkewar tasa
ta hana ragowar ciwon sakat a wurin.
Fata, ta sake faɗa. Ban ce alkawari ba.

Raina ya ɓaci.
Ni za a kawo wa ƙarfe mai ruɓewa?
A cinyar 'yata?

A motar komawa, muna bisa gada, na tuna
da curarrun ƙarfen da muke ɗaurawa a cikin jirgi
can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.
Don a ci su muke sa su.
Teku ya zo da yunwarsa, ya same su, ya ƙoshi,
ya bar jirgin ya wuce.
Da hannun nan na ɗaura ɗaruruwa,
ban taɓa ce wa ko ɗaya sannu ba.

Na sa hannu.

Gashinta ya zube a kan filo.
Kakarta ta dafa miyar ganyen teku, ta kai cokali uku ta ture.
A wata na biyu hoton ya nuna 'yar kumfa gefen ƙarfen,
na miƙe tsaye, gabana ya faɗi.
Iska ce, in ji likita, aikinsa yake yi.
Ye-sol ta ce ashe kifi aka sa mata, yana numfashi.
Ran nan ta fara dariya,
ni na fita baranda.

Tun daga nan addu'ata ta juya.
Wanda ya tsufa yana korar tsatsa
yau shi ke lallashinta:
ki ci, amma kada ki yi haɗama,
ki jira ƙashin ya iso.

Wata goma sha huɗu.
Likita Pyo ta matso da fuskarta jikin hoton
tana neman iyakar ƙarfe da yarinya.
Ta daɗe tana nema.

Ba wanda ya ce mana an gama.
Shekara biyar za mu ƙirga, hoto bayan hoto.
Amma ranar Talata ta manta sandarta a bas,
sai da ta hau matakala bakwai ta tuna.

Jiya muka ɗaga wani tsohon jirgi.
Na kwance curin da teku ya gwaguye,
bai fi sauran sabulu ba.
Kwandon shara na nan kusa da ƙafata.
Na duba ba mai kallo,
na sa shi a aljihu.